Minti-Biyar Mai Gyaran Agogo da Shekarunsa na Mantuwa

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayin, wanda jama'a suka fi sani da laƙabin Minti-Biyar, a shekarar 1944, a wani ƙaramin gari da layin dogo ya ratsa. Mahaifinsa mai gadin mahaɗar jirgin ƙasa ne, mahaifiyarsa kuwa ungozoma, kuma shi ne na uku cikin 'ya'yansu shida. Ya shiga makarantar firamare a 1951, ya kammala a 1958, inda malamansa suka shaide shi da kaifin hadda da ɗabi'ar kwance duk wani abu mai noti.

Sana'a

A 1959 mahaifinsa ya damƙa shi ga wani dattijo mai gyaran agogo a bakin tasha, ya yi shekara shida a hannunsa. A 1965 hukumar jiragen ƙasa ta ɗauke shi aikin kula da agogunan tashoshi goma sha ɗaya. A nan ya samo laƙabinsa, domin duk wanda ya kawo masa gyara sai ya ce, "Ba ni minti biyar," alhali aikin na iya cin mako guda. Abokan aikinsa kan ce mai jiran minti biyar ɗinsa ya taho da tabarma da guzuri. Bayan ya yi ritaya a 1994, ya buɗe ɗan shago mai taga ɗaya, da tebur mai koren ƙyalle, da gilashin da yake maƙalawa a idon dama.

Iyali

Ya auri wata malamar koyar da ɗinki a 1969, suka zauna shekara hamsin. Allah Ya azurta su da 'ya'ya biyar, ɗaya ta rasu tana goye a 1975.

Fara Rashin Lafiya

Tun 2004 likitoci suka tabbatar masa da hawan jini, amma bai ɗauki shan magani da muhimmanci ba. A farkon 2013 maiɗakinsa ta lura yana maimaita tambaya sau uku a zama guda. A watan Yuni ya miƙa wa wani mutum agogon da ba nasa ba, abin da bai taɓa faruwa ba cikin shekara hamsin da huɗu na sana'arsa.

'Yarsa ta biyu, ma'aikaciyar jinya, ta kai shi asibitin koyarwa. Likitar ƙwaƙwalwa ta ba shi farar takarda, ta nemi ya zana fuskar agogo yana nuna sha ɗaya da minti goma. Ya zana da'ira mai kyau, sannan ya cunkushe lambobin duka a ɓangaren dama. Ya daɗe yana duban takardar, sannan ya ce, "Likita, da yaron shagona ne ya yi wannan, da na sallame shi." An bayyana masa cewa yana da raunin tunani mai sauƙi, wanda kan tsaya a haka ga wasu, ga wasu kuma ya zarce zuwa cutar mantuwa.

Horon Ƙwaƙwalwa

Babban ɗansa ya nemi a rufe shagon a ajiye tsohon a gida, amma uwargida ta ƙi, tana cewa, "Ƙarfen da aka ajiye shi ke tsatsa. Ku bar min mijina ya motsa." A Fabrairun 2014 ya amince ya shiga wani bincike da asibitin ke gudanarwa, domin gano ko horar da tunani na sauya yadda jini ke gudana a ƙwaƙwalwa.

Tsawon mako goma sha biyu, sau uku a kowane mako, yakan zauna tare da dattawa tara a wani ɗaki mai fanka ɗaya a hawa na biyu, suna haddace jerin kalmomi, suna ƙirga lambobi da baya, suna bin hanya a kan taswira. Kafin horon da bayansa an ɗora masa wata na'ura a gefen kai, tsakanin ido da kunne, wadda ke auna gudun jini a jijiyoyi ta hanyar sauti. Ranar farko da ya ji bugun jininsa na fita daga lasifika, ya karkata kunne kamar yadda ya saba, ya ce, "Injin na tafiya, sai dai yana son mai."

A ƙarshe makinsa na tuna kalmomi ya ƙaru kaɗan, gudun jinin ma ya ɗan sauya. Likitar ba ta ɓoye masa komai ba: ta ce wannan ba waraka ba ce, kuma mutum goma ba su isa a yanke hukunci ba. Duk da haka ya ci gaba da atisayen kullum da safe, uwargida na karanto masa kalmomin, yana kuma shan maganinsa a kan kari.

Shekarun Ƙarshe

Ya ƙara shekara biyu yana aiki. A Satumban 2016, bayan ya ɓata a hanyar gida, wadda ya bi shekara ashirin da biyu, shi da kansa ya yanke shawarar rufe shagon. Ya gyara agogo ashirin da shida da suka rage a hannunsa, 'yarsa ta liƙa wa kowanne sunan mai shi, ya mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Daga 2017 cutar ta tsananta, sunayen jikokinsa suka kuɓuce masa, daga baya na 'ya'yansa. Maiɗakinsa ce kaɗai bai daina ganewa ba, ko da yake wani lokaci yakan kira ta Inna.

Rasuwa

Ya rasu da hantsin Talata, 12 ga Nuwamba, 2019, a ɗakinsa, yana da shekara saba'in da biyar, aka binne shi a ranar kusa da kabarin mahaifiyarsa. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: babban, injiniyan ruwa; mai bi masa, ma'aikaciyar jinya; na uku, direban motar asibiti; sai auta, malamar lissafi, da jikoki goma sha ɗaya. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Da aka buga rahoton binciken a shekarar da ta biyo baya, likitar ta aika wa uwargida kwafi guda. Babu sunan kowa a ciki, sai lambobi. 'Yarsu ma'aikaciyar jinya ta nuna mata layin marigayin, mai lamba bakwai, wanda bai taɓa fashin zama ko ɗaya ba cikin talatin da shida.