Ranar da Abba Ya Dawo da Rana

Lokacin muna haya a Suleja, ɗaki biyu a gidan yawa. Maigidana a Abuja yake aiki. Kafin a kira asuba ya fita tarar mota, ba ya dawowa sai na kwantar da 'yarmu, wadda a lokacin ba ta cika shekara uku ba. Asabar da Lahadi kuma yana Gauraka, wajen filin da ya saya, yana tsaye a kan magina.

Kome na ce masa, amsar ɗaya ce: "Bari mu gama gini." Mu je gaida Hajiyarka? Bari mu gama gini. Yarinyar nan ta fara magana fa, ka zauna ka ji. Bari mu gama gini. Har na gaji na yi shiru, tunda dai don mu yake yi.

Wata Laraba aka tashe su da wuri a wurin aiki. Ina tsugune ina wanke shinkafa, sai na ji sallama a ƙofar gida. Yarinyar ta ruga, kamar yadda ta ga yaran maƙwabta suna yi in an yi baƙo. Da kunnena na ji ta ce, "Abba ba ya nan, sai dare."

Ta dawo da gudu ta riƙe zanina. "Umma, wani mutum ne."

Na ɗaga kai. Innalillahi! Shi ne tsaye, da ledar lemo a hannu, baki buɗe. Wallahi ƙwaryar ta suɓuce mini, shinkafa ta watse a ƙasa. Na ce, "Ke! Abbanki ne fa!" Ta leƙo ta bayana, ta kalle shi sama da ƙasa, ta girgiza kai. Ya miƙo hannu zai ɗauke ta, ta fasa ihun da ya fito da matan gidan gaba ɗaya. Kunya ta rufe ni.

Ashe a wurinta Abba murya ce kawai da take ji cikin barci. Ni da nake tare da ita kullum ban taɓa lura ba.

Ya shiga ɗaki ya zauna a bakin katifa, ko takalmi bai cire ba. Can wajen la'asar yarinyar ta matso ta raɗa mini, amma ya ji: "Umma, ki ce ya tashi, wurin Abba ne."

Ban taɓa ganin hawayen mutumin nan ba sai ranar.

Da Asabar ta zo, magini ya yi ta kiran waya. Na ce, "Malam, ana jiranka a Gauraka." Yana zaune a kan tabarma yana ɓare lemo, yarinyar tana can nesa jikin bango tana kallonsa. Ya kife wayar, ya miƙa mata ɓari ɗaya, ya bar hannunsa a miƙe.

Ya ce, "Su jira. Ni ma jira nake."