Ranar da Inna Ta Ƙirga 'Ya'yanta

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, can Dutsin-Ma, kaina ya kumbura har hula ta daina zama. Labarin ƙasa nake karantawa, ɓangaren da ke duba mutane da al'adunsu da yadda gari zai rayu ba tare da ya cinye kansa ba. Shekara uku na yi ina haddace yadda mutanen ƙasashen da ban taɓa takawa ba suke zama, suke aure, suke ƙaura. Idan na shiga motar Kurfi na daina ganin gonaki da mata masu ɗauke da itace, sai dai in ga babi na huɗu da na biyar suna wucewa ta taga.

Da aka zo aikin bincike na kammala karatu, sai na zaɓi ƙauyenmu da ke yankin Rawayau. Na ce wa Dakta, malamin da ke duba aikina, saboda sauƙin zirga-zirga ne. Ƙarya na yi masa, saboda Inna ne.

Ni ne ɗanta na fari. Ana yaye ni Gwaggo, yayar mahaifina, ta ɗauke ni zuwa Kurfi, a wurinta na girma. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba, ban kuma taɓa kama ta tana kallon fuskata ba. In na je gida sai ta ce wa duk wanda ke kusa, "Ku tambayi mutumin Kurfi ko ya ci abinci," alhali ga ni tsugune a gabanta. Na san kunyar ɗan fari ce. Na ma taɓa rubuta ta a jarrabawa, shafi biyu cur, na ci maki mai kyau. Amma sani daban, ciwo daban. So nake ta gan ni da jakar takardu da katin makaranta rataye a wuya, ko Allah zai sa ta ɗaga kai.

Na shirya takardar tambayoyi, na yi mako biyu ina hawa acaɓa daga Kurfi kullum da safe. Maza nakan same su a zaure, mata kuma in yi sallama in shiga, tun da rabin garin dangi ne. Har wata murya na ƙirƙiro ta musamman, irin ta ma'aikacin gwamnati da ya zo rabon taki. Tsofaffin da suka san ni tun ina yawo ba wando suka yi ta haƙuri da ni. Gidanmu ne kawai ban saka a aikin ba, wai mai bincike ba ya binciken gidansu. Nakan leƙa in gaishe su a tsaye in wuce, ina gyara katin nan don ya fito sosai.

Da na kai wa Dakta takardun, sai ya jera ta miji kusa da ta matarsa, gida bayan gida. Ya ɗora yatsa a kan tambaya ta uku, wadda ke neman yawan 'ya'ya. Miji ya ce bakwai, matar ta ce shida. Miji ya ce tara, matar ta ce takwas. A gidajen matasa lissafi ya daidaita, amma duk inda dattijuwa take sai an rasa ɗa guda.

"Ƙarƙashin wace bishiya ka zauna ka cike waɗannan?" in ji shi.

Na rantse masa na je. Ya ce rantsuwa ba ta cikin hanyoyin bincike. Ya ba ni mako guda in kawo bayani, in ba haka ba mu haɗu baɗi.

Da ina da hankali, a nan ofishin zan gane. Maimakon haka sai na koma ɗaki na rubuta sakin layi mai tsawo a kan yadda rashin boko ya hana matan karkara iya ƙirga. Matan da ke auna gero da tiya a raba wa gida na wata uku ba a rasa ko tsaba, su nake cewa ba su iya ƙirga ba. Na karanta abina na ji daɗi. Abin da ya rage shi ne in gwada a gidan da na san amsarsa, kuma gida ɗaya ne tak na sani haka.

Da hantsi na sami Inna a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa a faifai. Na gaishe ta, ta amsa wa gyaɗar. Na jawo kujera 'yar tsugunno, na fito da takarda da muryar rabon taki.

"Inna, aikin makaranta ne. Tambayoyi ne kaɗan."

"To."

Muka wuce ta farko da ta biyu lafiya. Na zo ta uku.

"Ɗiyanki nawa?"

"Biyat."

Mu shida ne. Ina riƙe da biro, duk dattawan matan garin suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta tsallake nata na fari, ni kuma ina rubutawa ina gyaɗa kai kamar mai fahimta. Kunya ta rufe ni. Bayan kunyar sai haushi ya taso, don ko da na gane dalili, ban ji daɗin a tsallake ni ina zaune ba.

"Inna, ki sake ƙirgawa."

"Na ƙirga."

Na rubuta biyar da ƙarfi har takardar ta huje. Da na tashi a lokacin, da na tafi da fushina har yau. Taurin kai ne ya zaunar da ni, na ce sai na ƙarasa mata tambayoyin kamar kowa. Haka muka bi ta ruwan sha, ta itacen girki, ta gona, har muka iso shafin ƙaura.

"Akwai wanda ya bar gidan nan yana zaune wani gari?"

Hannunta ya tsaya a kan faifan.

"Akwai."

"Wane ne?"

"A rubuta akwai."

"Tun yaushe ya tafi?"

"Shekarar da rijiyar bayan masallaci ta ruhta. Yana da wata ashirin da ukku. Ran Laraba anka tahi da shi."

Na karanta tambaya ta gaba yadda take a rubuce. Yakan zo gida? Akwatunan amsa uku ne a gaban tambayar: sau da yawa, jefi-jefi, ba ya zuwa.

Inna ba ta san da akwatuna ba. Ta ce bara ya zo ƙaramar Salla ya kwana biyu. Ya zo lokacin yankan gero, bai kwana ba. Ya zo lokacin sanyi yana tari yana ɓoyewa, aka aika masa da sassaƙe ta hannun mai acaɓa, ba a sani ba ko ya sha. Na tuna ƙullin nan. Na ɗauka daga Gwaggo yake, na tura shi ƙarƙashin gado a makaranta.

"Bana kuwa," ta ce, tana ci gaba da ɓara, "kwana goma sha huɗu ya yi yana zuwa garin ga. Ya zauna gidan kowa da takarda. Nan ne dai gaisuwar tsaye."

Na duba akwatunan nan uku da na zana da hannuna ina taƙama, na sa alama a jefi-jefi, don ita ce gaskiya.

Daga baya Dakta ya karɓi bayanina, na yage wancan sakin layi kafin wani ya gani. Amma a ranar ban koma Kurfi da wuri ba. Na cire katin daga wuya na sa a aljihu, na matso da kujerar, na sa hannu a gyaɗar. Muka yi ta ɓara har aka kira azahar. Ba ta kalle ni ba, amma ta tura faifan ya dawo tsakaninmu.