Numfashin Baba Garba

Cikin duk ranakun da na yi a wannan aiki, wadda ta ƙi barin raina ita ce ranar da na kai ƙarar Baba Garba. Sababbin ma'aikata kan tambaye ni yadda aka yi na fara nutso, ni da ban taɓa tsallake ko rafi da iyo ba. Zan faɗa yadda na tuna. In na kuskure a wani wuri, waɗanda suka riga ni suna nan, sai su gyara.

Ga wanda bai san aikinmu ba, kusan kowane babban gini a Makka yana da hazzan, wato tankin ruwa da aka gina a ƙarƙashin ƙasa. Mu ke wanke su. A da sai a zuƙe ruwan tas, mutane su sauka da tsani da burushi. Amma manyan masaukan alhazai na Jarwal ba sa son a tsayar musu da ruwa ko na wuni ɗaya, domin baƙi ba sa yankewa. Sai suka fara neman wanda zai shiga ya duba tankin da ruwansa a ciki, da tulun iska a bayansa, da kuma ruksa a hannunsa, wato takardar shaidar cewa ya koyi nutso.

Ina cikin shekarata ta biyu a kamfanin, bayan an watse daga aikin hajji, mudir, wato manajan kamfanin, ya kira mu ofishinsa a unguwar Rusaifa, ni da Baba Garba. Ni ke rubuta rahoton tsabtar ruwa. Harkar ruwa na karanta a jami'a, amma duk a takarda. Shi kuwa Baba Garba mutumin Yawuri ne, masunci gadon gado, ya haura hamsin. Ya fi kowa daɗewa a cikinmu. In wani abu ya faɗa tanki, ko bakin bututu ya toshe, shi ke cire riga ya nutse da numfashinsa kawai. Mukan tsaya a bakin ramin muna ta ƙirge, sannan ya ɓullo yana dariya.

Mudir ya ce aikin zuƙewa yana raguwa. Zai tura mu Jidda mu koyi matakin farko na nutso, daga nan a ɗora mana horon shiga tanki. Wanda ya samo ruksa zai shiga sabon rukuni. Da ya zo kan wanda bai samo ba, sai mudir ya buɗe hannuwa, bai ƙarasa ba. Mun gane. Iƙamar Baba Garba, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, saura 'yan watanni ta ƙare, kuma da wannan aikin yake riƙe da gida guda a Yawuri.

Da muka fito Baba ya ce, "Muhandis, ka ji wata sabuwa? Wai sai na kawo takarda kafin in shiga ruwa."

Muhandis yake kirana, wato injiniya, don tsokana. Sunana Sadiƙu.

Na ce, "Baba, kai abin dariya ne a gare ka. Ni fa ko iyo ban iya ba."

Ya ce, "Ka riƙe mini karatun, ni zan riƙe maka ruwan."

Haka muka yi. Likita ya auna mu duka ya ce lafiya lau. Karatun littafi, ni nake fassara masa a mota tsakanin Makka da Jidda, kuma ya ci jarrabawar da baki. Malaminmu, wanda kowa ke kira Kaftin Faisal, haifaffen Jidda ne, amma kakarsa Bahaushiya ce da ta zo ta Sudan. Hausarsa 'yar kaɗan ce, irin ta tsofaffin mata. Ranar farko ya dubi Baba ya ce, "Sannu ɗan nan, ka ci tuwo?" Baba ya yi dariya har da hawaye, daga nan suka shaƙu.

Tsarin koyon kashi uku ne: karatu, sai atisaye a masbah, wato wurin iyo da aka gina, sai nutso huɗu a teku. Doka ta farko kuma, wadda Kaftin yake maimaitawa har ta gundure mu, ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi. Dalilin shi ne, iskar da ka shaƙa daga tulu a can ƙasa matsattsiya ce. In ka fara tasowa sai ta riƙa kumbura. In ka toshe mata hanya, tana iya yaga huhu, ko da zurfin ba mai yawa ba ne. Mai nutso da numfashinsa na sama ba ya fuskantar wannan, domin iskar da ya sauka da ita, ita yake dawowa da ita. Saboda haka duk lokacin da ba ka jan iska daga abin shaƙa, dole ka riƙa fidda 'yar kumfa ba yankewa. Kaftin ya ce mu riƙa cewa "aaa" don hanya ta zauna a buɗe.

Baba ya raɗa mini, "Babba da ni in riƙa kuka kamar akuya?"

Ni matsalata daban ce. Akwai atisayen da ake cire gilashin fuska a ƙarƙashin ruwa, a zauna haka, sannan a mayar a hure ruwan ta hanci. Sau uku ina tasowa a firgice ina tari. A na huɗu, da ruwa ya rufe mini ido, sai na ji hannu ya kama wuyan hannuna, babban yatsa yana danna ni a hankali, ɗaya bayan ɗaya, daidai yadda ya kamata in ja numfashi. Na bi yatsan har na gama. Hannun Baba ne. Ba na jin da zan wuce wannan matakin ba don shi ba.

Ranar ƙarshe ta masbah, Kaftin ya gwada Baba a cire abin shaƙa daga baki. Baba ya fidda kumfa yadda ake so, aka sa masa alamar ya wuce. Kaftin ya juya wajen wani ɗalibi. Ni ina durƙushe kusa da Baba, domin ni ne abokin nutsonsa. A wannan sana'a ba a shiga ruwa sai bibbiyu, kowa yana lura da ɗan'uwansa. Sai na ga ya sake cire abin, ya zauna shiru kamar dutse, ko ƙwayar kumfa babu. Can ya miƙe ya taso sama, baki a rufe gam. Allah ya kiyaye, ina zaton bai cika huhunsa sosai ba. Amma na gani da idona. In ana kallonsa yakan fidda kumfa don ya faranta wa malami. In ba a kallo, jikinsa sai ya koma abin da ya sani.

Washegari za mu shiga teku.

Lokacin cin abinci na sami Baba. Na yi ta kewaye-kewaye, kamar yadda na saba, kafin na fito da maganar. Ya ajiye cokali.

Ya ce, "Tun ba a yanke maka cibiya ba nake nutso. Ubana da sanda ya hana ni fidda kumfa, don kifi na gudu in ya gan ta. Iska ita ce ran mai nutso. Wa ke zubar da ransa?"

Na ce, "Baba, wannan iskar daban ce da waccan."

"Na ji. Gobe zan kiyaye." Ya sassauta murya. "Kada ka faɗa wa yaron nan Kaftin. Ka san abin da ke kaina."

Na san abin da ke kansa. Na kuma san in na yi shiru, mai yiwuwa gobe komai ya tafi daidai, ya karɓi ruksarsa, ba wanda zai taɓa sani. Na ce wa kaina wataƙila ban gani da kyau ba, wataƙila gilashina ne ya yi hazo. Na yi sallar la'asar ban san abin da na karanta ba. Abin da ya tsaya mini shi ne, ba gobe kaɗai ba ce. In ya samu takardar, tanki zai riƙa shiga, cikin duhu, inda ba malamin da zai kalle shi.

Bayan salla na je na faɗa wa Kaftin. Ya saurare ni har na gama, ya ce na yi daidai, sannan ya ɗauki alƙalami ya soke sunan Baba daga jerin masu shiga jirgin ruwa. Na ce ya soke nawa ma, zan jira abokin nutsona. Ina so in ce amana ce ta sa, amma gaskiya akwai tsoro a ciki. Ban ga yadda zan shiga teku babu wannan hannun ba.

Da muka dawo Makka, Baba zai sauka a unguwarsu Tandabawi, sai ya ce, "Sai da safe, Malam Sadiƙu." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Mudir ya ce ya ba mu mako ɗaya, ba ƙari.

Ranar Juma'a bayan an sauko, na sayi lemo na tafi ɗakin Baba, ban ma san abin da zan ce ba. Na tarar yana waya da maiɗakinsa a Yawuri, layin yana ta yankewa. Sai ya nisanta wayar daga bakinsa ya ja kira, "Haaajooo!" Ya ja shi, ya ja shi, har na zaci ba zai ƙare ba. Na tsaya a bakin ƙofa da ledar lemo a hannu.

Da ya gama na gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Na ce, "Baba, wannan kiran fa?"

Ya ɗan saki fuska. Ya ce haka yake kiranta daga tsakiyar kogi in ya dawo daga su, tun suna amarci, don ta sauko bakin ruwa da kwarya. Duk masuntan garin sun san kiran, har yara suna kwaikwayonsa.

Na ce, "Ban sani ba ko zai yi, kuma in ka ga raini ne ka yafe mini. Amma in za ka taso, maimakon kukan akuyar nan, me zai hana ka kira ta?"

Ya ce, "In kama sunan matata a gaban yara?"

"A cikin ruwa ne, Baba. Ba mai ji sai kifi."

Bai yi dariya ba, amma ya miƙo hannu ya karɓi lemon.

Da muka koma masbah, Kaftin ya yi abin da na kasa yi da dogon bayanina. Ya sauka da leda can ƙasa, ya cika ta da iskar tulu, ya ƙulle bakinta, ya sake ta. Tana tasowa tana kumbura, kafin ta kai sama ta fashe. Baba ya kalli tsumman ledar yana yawo a kan ruwa, ya dafa ƙirjinsa, ya ce, "Ashe." Kwana uku muka yi muna maimaitawa. Kaftin yakan juya baya da gangan, ni kuma in zuba ido. Da farko Baba yakan manta, sai in taɓa masa wuyan hannu, kamar yadda ya yi mini. A kwana na uku ban taɓa shi ba ko sau ɗaya.

Gwajin da ya fi ba ni tsoro a teku shi ne na wanda iskarsa ta ƙare. Daga zurfin kamar mita shida za ka taso da numfashi ɗaya, abin shaƙa yana bakinka amma ba ka ja, kana fidda iska har sama, malami yana riƙe da kai. Baba aka fara kira. Ina durƙushe a kan yashi, na riƙe igiyar da aka sauko da ita, na ɗaga kai. Na ga kumfa ta fito daga bakinsa, siririya, ta bi shi ba ta yanke ba. Kuma na ji shi. Ruwa yana kai sauti fiye da yadda na zata. Kalmar ba ta fita sosai, amma ni na san wadda ake kira. Ya ja ta tun daga ƙasa har inda hasken rana ya haɗiye shi. Gilashina ya yi hazo, kuma wannan karon na san ba daga waje ba ne.

Kaftin ya dawo ya ɗauke ni. Ban san yadda na yi ba, na dai ga kaina a sama ina haki. Baba yana shawagi a gefe kamar a kan tabarmarsa.

Ya ce, "Muhandis! Kai wa ka kira?"

Na ce, "Mamata."

Ya yi dariya har ya shaƙi ruwan gishiri. Kaftin ya ce, "Sannunku 'yan nan, kun ci tuwo," yana nufin mun wuce.

A hanyar dawowa Baba ya kira Yawuri ya sa a fili. Ya ce, "Na kira ki daga ƙarƙashin Bahar Maliya, kin ji?" Ta ce, "Shi ya sa tun safe nake ɗauko kwarya ina ajiyewa." Ya kashe wayar ya juya yana kallon duwatsu ta taga har muka shigo gari.

An sabunta masa iƙama. Mun yi horon tanki tare, muka yi shekaru muna shiga hazzan bibbiyu kafin ya koma gida. Bai taɓa cewa na kyauta da na kai ƙararsa ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Abin da na koya ba shi da yawa, kuma ban ce dole kowa ya gan shi yadda na gan shi ba. A wannan aiki, wanda bai san ruwa ba tsoronsa yana tsaronsa. Wanda ya san shi tun yana yaro shi ya fi bukatar a sa masa ido, kuma shi ya fi wuyar gaya wa gaskiya, domin ya girme ka kuma ya taɓa taimakonka. Abokin nutso ba an ba ka shi don ka rufa masa asiri ba ne, an ba ka shi don ku fito tare. Shi ya sa duk sabon da aka haɗa ni da shi, kafin mu sauka tsani nakan tambaye shi wa zai kira in zai taso. Wasu sukan yi dariya. Nakan jira har sai sun faɗa mini sunan.