Rubutun da Ba Hannu Bisa Gare Shi

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Wanga ba tatsuniya ba ce, da idona nig gani.

Shekarar da jikanyata tad dawo Wurno hutu daga karatunta na Sakkwato, babur ya kada ta a hanyar Marnona. Maɗori ya ɗaure mata hannun dama da karare. Ubanta, ɗana ke nan, yana can Goronyo wurin noman rani, kuma tun farko bai so karatun nan nata ba. Ni nit tsaya mata.

Tana da kwamfuta, da wani wasa a ciki: ɗan mutum da gonarshi, sai an rubuta mashi umurni yake motsi. Wata azahar na shiga ɗaki da fura, yarinya tana waje tana alwala, sai ga rubutu yana gudu bisa gilashin kwamfutar awa jerin tururuwa. Ɗan mutumin yana ta shuka. Ba kowa a ɗakin.

Na aje furar. Na san in ubanta ya ji an ce iska ta raɓe ta a makaranta, karatu ya ƙare.

Da ta shigo nac ce, "Ke, wa ka rubutun ga?"

Ta yi dariya. "Kaka, ni ce mana. Da hagu na tsara ma kwamfutar kalmomin tun jiya. Ita ka aika su ɗaya bayan ɗaya, wasan yana zaton yatsuna ne bisa maɓallan."

"To mi ya hana in ga maɓallan suna motsi?"

"Haba tsohuwa mai ran ƙarfe, kin taɓa ganin saƙo da ƙafa?"

Ban yarda ba. Na zauna bakin gado da tazbaha, ina kallon abin, ina karanta abin da na sani. Rubutu bai fasa ba. Har na fara shirya wanda zan aika Goronyo ya gaya ma ubanta.

Can wajen la'asar, gilashin ya dushe, ya yi ɗan kuka, ya mutu. Rubutu ya tsaya cak.

"Kash, caji ya ƙare," in ji ta. "Sai an kai shagon mai sola."

Na girma bakin gulbin Rima, na ji labarin mutanen ɓoye iri-iri, ban taɓa jin wanda ke jiran mai sola ba. Sai na ji yunwa. Furar da na kawo mata, ni nish shanye ta.

Ba a aika kowa Goronyo ba. Hannunta ya warke, ta koma Sakkwato, yanzu irin wannan tsarin take koya ma ƙannenta mata. Ubanta ya kwashe albasarshi lafiya, shi ya sai mata sabon batir. Ni kuwa ga ni nan, na bar wasan ga masu shi.