Hassoumi Mai Ciwon Kowa

A duk zamana a Sabha ban ga mutum mai ƙoshin lafiya kamar Hassoumi ba, ban kuma ga wanda ya kai shi yawan zuwa asibiti ba. Mutumin Tawa ne ta ƙasar Nijar, ƙato, wuyansa kamar turmi. Ya shigo Libiya a shekarun saba'in, lokacin da arzikin fetur ya yi wa ƙasar yawa, gini ta ko'ina, magani kuma kyauta a asibiti ga duk mai takarda. Takardar ce matsalar. A gidanmu na unguwar Jadid, inda leburori ke kwana a jere kamar buhuna, Hassoumi kaɗai ke da iƙama, wato izinin zama, wadda wani ɗan kwangila ya yi masa saboda yana jin Larabci. Sauran ko ta ƙofar asibiti ba sa bi, don tsoron kada daga jinya a zarce da su motar 'yan sanda, sai bakin iyaka.

To, sai Hassoumi ya ɗauke wa kowa ciwonsa. Idan cikinka ya murɗa, ka same shi da yamma ka kwatanta masa. Zai tambaye ka inda ke ciwo, ko da zazzaɓi, ko da amai. Da safe ya nufi asibiti yana dafe da wurin, ya yi nishinka a gaban likita, ya karɓo magani ya kawo maka. Yau basir, gobe haƙori, jibi tari. Na taɓa ganinsa ya fita yana ɗingishi da ƙafar hagu, mai ciwon ya ƙwala masa kira ya ce ai ta dama ce, ya sauya ƙafa bai ko waiwayo ba. An ce har ciwon mara na Rabiatou, matar ƙanensa, ya taɓa kai wa wani likita Bature, ya kuma dawo da magani.

Ba ya karɓar komai a hannun kowa, girma kawai yake ci. Shi ake fara miƙa wa shayi, shi ake tura wa tsoka a cikin miya, kuma ba mai kiransa da sunansa sai Lokotoro, likita ke nan a bakin mutanen Nijar. Abin dariyar, shi kansa tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa haɗiye ƙwaya ba. Ya ce maƙale masa take yi a wuya.

Maganin da ya fi kasuwa a wurinsa wata ƙwaya ce mai ruwan ƙasa, ta gudawa. Ruwan da ake sha a wurin gini daga tanki yake, saboda haka cikin lebura ba ya zama lafiya. Ƙwayar kuwa tana aiki, ba ƙarya. Sai mutane suka mai da ita goro, ana sha tun kafin ciwo ya zo. Ilimin Lokotoro a kan ma'auni kuma bai wuce wannan ba: in biyu sun yi aiki, huɗu sun fi.

Ana nan sai ƙafafun wasu suka fara mutuwa. Cikinsu har da Djibo, ƙanen Hassoumi uwa ɗaya uba ɗaya, magini, mutum mai shiru wanda ko kallon idon yayansa ba ya yi in suna magana. Da farko ya ce ji yake kamar auduga yake takawa. Daga baya takalminsa ya riƙa fita a hanya bai sani ba. Sannan ya fara murza ido, yana cewa hayaƙi yake gani a inda ba wuta.

A asibitin akwai wani likita ɗan Damagaram, Abdourahamane, da aka ɗauko aikin bincike. Ba ya allura, ba ya fiɗa. Aikinsa shi ne ya bi sawun magani bayan ya fita daga asibiti, ya ga me yake yi wa waɗanda suka sha, wa ya warke, wa kuma abin ya cutar. Mu dai dariya muke masa, muna cewa an biya mutum albashi don ya yi ta tambaya.

Shi kuwa ya riga ya lura da leburorin da iyayen gidansu ke kawowa ranga-ranga in ƙafa ta ƙi ɗaukarsu. Ya zargi ƙwayar nan, don ya karanta irin haka ta faru a wata ƙasa. Amma kafin hukuma ta janye magani sai an nuna mata cewa masu shansa ne ke kamuwa, shi kuma akasin haka ne a hannunsa. Duk majinyacin da ya tambaya sai ya rantse bai taɓa shan maganin asibiti ba, don kada a tambaye shi inda ya samu. Wanda ya fi kowa karɓar ƙwayar a duk garin kuwa ga shi can yana ɗaukar buhun siminti a ka yana waƙa. In likitan ya kai maganar gaban manyansa, Hassoumi suke nuna masa a matsayin shaidar cewa maganin lafiya lau ne.

Wata rana Hassoumi ya je da ciwon wani, sai likitan ya ja shi ɗaki ya rufe ƙofa. Hassoumi da bakinsa ya ba ni labarin daga baya.

"Malam Hassoumi," in ji likitan, "da duk abin da ka karɓa kai ka sha, da tuni an yi maka salla. Ni ba ɗan sanda ba ne, ba ruwana da takardar kowa. Faɗa mini su wa ke shan ƙwayar nan. Wanda ya daina yanzu zai iya warkewa. Wanda ya ci gaba, ido zai tafi, kuma ba ya dawowa."

Hassoumi ya dafe ƙirji. "Wallahi likita ni ka shan abina. Cikina na da ƙarhi, haka Allah ya yi ni."

"To ga guda nan, ga ruwa. Sha in gani."

"Azumi nike," in ji Hassoumi, alhali man ƙosai bai bushe a bakinsa ba.

Ya dawo gida ya ɓoye wa kowa gargaɗin likitan. In ya faɗa wa likita gaskiya, yana tsoron a ƙwace iƙamarsa. In ya ce wa mutanen gida su daina sha, dole ya faɗi dalili, daga nan Lokotoro ya zama wanda ya shayar da jama'a guba, shayin farko kuma ya koma hannun wani. Sai ya sanar cewa ginin da ake yi a kan gidan aljannu yake, ya sayo turare yana bin ɗakuna da hayaƙi. Duk sanda Djibo ya miƙo hannu ya ce, "Yaya, cikin ya motsa," sai ya zuba masa ƙwayar, yana gaya wa kansa cewa likitan yaro ne, karatu ya yi masa yawa. Wannan ne abin da har yau in na tuna raina ke ɓaci.

Haka aka ɗauki makonni, har ranar da Rabiatou ta ajiye wa mijinta akushi a gabansa. Djibo ya yi bismilla ya kai hannu, hannun ya sauka a gefe, cikin yashi. Ya lalubo, ya sake kuskurewa. Rabiatou ta kama hannun ta sa masa a tuwon, ta juya baya tana share ido da gefen zane. Hassoumi yana zaune yana kallo, loma a hannunsa.

Washegari ya riƙo Djibo suka tafi asibiti, ya faɗi komai. Likita Abdourahamane bai tsaya yi masa faɗa ba, ya ɗauki jakarsa ya biyo su Jadid. Ya zauna a tabarma yana tambayar mutane ɗaya bayan ɗaya, wa ya sha, tun yaushe, me ya ji, bai nemi sunan kowa ba. Daga nan ya shiga Hajara da Sukra, ya tarar kowace unguwa da nata Hassoumin. Da ya haɗa bayanan, abin ya fito fili: a cikin masu sha kullum ciwon yake, waɗanda ba su sha ba ƙalau suke. Aka janye ƙwayar daga asibitocin yankin. Mutane da yawa ƙafarsu ta dawo, wasu da hayaƙi ya fara rufe musu ido ya washe. Ba a kama kowa ba, iƙamar Hassoumi kuma ba wanda ya ko tambaye ta.

Djibo ƙafa ta ɗan dawo, ido bai dawo ba. Makaho ba ya hawa gini, saboda haka aka shirya mai da shi gida tare da matarsa. Muka raka su tashar manyan motocin Agadas. Hassoumi ya cicciɓe shi ya ɗora a kan kaya, yana ta gyara masa wurin zama. Djibo ya lalubo hannunsa ya riƙe.

"Yaya, kak ka damu da maganar mutane," in ji shi. "Likita ya ce da na bar sha tun watan jiya, da idon ya tsira. Na ce mai, ai Yaya bai sani ba. Da ya sani da ya hana ni."

Hassoumi ya dubi ƙasa, ya dubi Rabiatou, ya dubi ƙanensa da ba ya ganinsa.

"Haka ne," ya ce.