Inda Rikodar Muttaka Ke Yankewa

Muttaka mutumin wani ƙauye ne a bayan Ringim, kuma tun da na san shi ban taɓa ganin ya yi abu da gaggawa ba, ko da shan shayi ne. Ɗaki ɗaya muka zauna a Umm Salal, kusa da Doha, a gidan da kamfani ya kama wa ma'aikata. Ni Garzali direban bas ne, ɗan Fagge, bakina ba ya gajiya. Shi kuwa gadi yake yi a ƙofar wani rukunin gidaje a Al Aziziya. Dogo ne siriri, in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya fara tambayarka ya ka kwana. Na sha yi masa tsiya a kan haka, shi kuma ya sha yin murmushi ya ƙyale ni, abin da ya fi komai ƙona mini rai.

Shi ne ɗan fari a wurin mahaifiyarsa, kuma Inna irin matan nan ne da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta faɗin sunansa. Ba ta yi masa magana kai tsaye. In ya kira wayar ƙanwarsa Safiya, da Inna ta ji muryarsa sai ta tuna ba ta ba awaki dusa ba, ta fice. Mu 'yan birni muna ganin abin kamar wasa, amma shi Muttaka a haka ya tashi, kuma bai taɓa ɗaukar hakan a matsayin rashin so ba.

Inna tana da 'yar rediyo mai cin memori, wadda take jin wa'azi da ita a ɗaki. A nan Muttaka ya samu ƙofa. Ya sayi wata tsohuwar rikoda a hannun wani abokin aikinsa da zai koma ƙasarsu, 'yar ƙarama da ta fi wayar hannu kauri kaɗan, mai jar fitila a goshi. Yakan ɗauki maganarsa a kati, ya ba mai tafiya gida ko ya saka a kayan kago. Safiya ta kai wa masu tura waƙoƙi a kasuwa su juya shi yadda rediyon za ta karanta, ta ajiye a kan gadon Inna ba tare da ta ce komai ba. Inna kuma ta saurara ita kaɗai, ƙofa a rufe, washegari ta fito kamar ba a yi ba.

Yadda yake ɗaukar maganar shi ne abin kallo. Ranar Juma'a in mun dawo masallaci yakan roƙe ni in ba shi ɗakin. Sai ya share ƙasa, ya shimfiɗa sabon tawul a kan kujerarmu guda ɗaya, ya ɗora rikodar a kai. Ya danna, ya cire hularsa ya gyara ya mayar, ya durƙusa a gaban kujerar, kansa a sunkuye, domin a gidansu ba a kallon uwa a ido. Daga nan sai gaisuwa. Ya gai da Inna, ya tambayi ƙafarta. Ya gai da baffanni da gwaggwanni ɗaya bayan ɗaya, ya yi ta'aziyyar waɗanda suka rasu, ya yi barkar haihuwa, ya tambayi gero, ya tambayi rijiyar bakin masallaci. Ya ba da labarin zafin Doha da tsadar tumatir. Abin da ke cin ransa kuwa sai can ƙarshe, in ya tattaro ƙarfin hali. In ya gama, ya laluba ya kashe, ya zare katin ya naɗe a takarda. Ba ya sake saurara, wai jin muryarsa kunya yake ba shi.

Abin da ke cin ransa kuwa sunanta Ajaratu. 'Yar zangon Kumasi ce, tana dafa abinci a ɗaya daga cikin gidajen da yake gadi, mijinta ya rasu tun kafin ta zo. A lokacin korona aka ba Muttaka na'urar gwada zafin jiki, aka ce duk mai shiga sai ya auna shi ya duba shaidar lafiyarsa a waya. Kullum da safe sai ya ɗaga abin nan ya saita goshin Ajaratu, ita kuma ta zuba masa ido ta saman takunkumi ta ce, “Malam Mutaka, yau ma ban mutu ba?” Da aka rufe gari, abinci ya yi mana wuya, ita ce ke miƙo masa shinkafa da wake da yajinsu na Gana a roba, ni kuma in cinye rabi in ce ba daɗi. Kafin a cire takunkumi magana ta yi nisa. Ta amince, 'yan'uwanta na Kumasi sun amince. Saura Inna. Muttaka ya ce ba zai ɗaura aure da matar wata ƙasa ba sai uwarsa ta ce to.

Ya aika kati ya roƙa, shiru. Bayan watanni ya sake aikawa, shiru. Na ce masa ya gaya wa Safiya ta tambayar masa mana. Ya dube ni kamar na zagi wani babba, ya ce maganar aurensa ba za ta bi ta bakin ƙanwarsa ba kafin ta shiga kunnen Inna. Safiya dai abin da take cewa kullum shi ne Inna ta ji saƙo, tana sa albarka. Shi kuma ya fassara shirun da cewa ba ta so, tana jin nauyin faɗa ne. Ya rame. Ya daina cin naman da nake sato masa daga kicin ɗin kamfani. Na tausaya masa ƙwarai, duk da ban fasa zaginsa ba.

Ana saura 'yan makonni a fara gasar cin kofin duniya, gari ya cika da tutoci, Ajaratu ta tare shi a bakin ƙofa. Ni na kawo ma'aikata a bas, a kunnena aka yi.

“Mutaka, kwantiragi na zai ƙare in an gama ƙwallo,” ta ce. “Ni ba yarinya ba ne. In maman ka bai yarda ba, kalas, shi ke nan, ka faɗa mini in tafi gida da mutunci na.”

Ya ce, “Ki ƙara haƙuri.”

Ta ce, “Haƙuri na ya kai Kumasi ya dawo.”

Juma'ar da ta biyo baya ya sake share ɗaki. Na fita kamar kullum, na yi hira har na gaji, sai na tuna na bar cajata. Na turo ƙofa a hankali. Yana durƙushe, kansa a ƙasa, daidai yana cewa, “Inna, dama akwai wata magana da na taɓa kawowa.” Na kai ido kan kujera. Jar fitilar nan a mace take.

Na ce, “Kai, Muttaka! Da wa kake magana?”

Ya ɗago a firgice. Muka mayar da abin baya muka saurara. Ga gaisuwa nan garau, ga gero, ga rijiya, ga tumatir. Ya ja dogon numfashi a cikin rikodar, ya ce “Inna,” sai ɗif. Kusan awa guda ta ɗauka ta tsaya da kanta, shi kuma mai sunkuyar da kai bai taɓa gani ba. Tun da shi mutum ne da gaisuwarsa ba ta canza tsawo, duk katin da ya aika a wajen nan yake yankewa. Ya zauna daɓas a ƙasa. Ni dariya ta zo mini, na dube shi, sai ta koma.

Muka ce kati ne ya yi kaɗan. Washegari muka tafi wajen kasuwar Souq Waqif, muka kutsa cikin baƙi masu fenti a fuska da masu tura kaya a baro, ya sayi katin da ya fi kowanne girma a wani shago. Muka dawo, rikoda ta ce ba ta san shi ba. Muka koma muka sauko zuwa madaidaici, ta karɓa. Muka kunna ta muka bar ta tana ɗaukar ƙarar na'urar sanyaya ɗaki, muna zaune muna gadinta kamar masu jinya. Ta kai wajen da ta saba, ta mutu. Muka canza batir, muka sayo masu tsada, duk ɗaya. Na ce a jefar da shegiya ya yi magana a waya kamar kowa. Ya ce Inna ta saba da muryar wannan, kuma waya a hannu ake riƙe ta, shi ba zai riƙe uwarsa a tafin hannu yana mata magana ba. Ka ji irin mutumin da Allah ya haɗa ni da shi.

A ƙarshe muka kai wa Iliasu, wani ɗan Zariya mai gyaran waya a bayan wani shagon kayan lantarki. Ya latsa nan ya latsa can, ya tambayi wanda ya saita ta. Muttaka ya ce shi ne. Ranar da ya saya ya ga jerin lambobi, ya tambaya aka ce mafi girma ita ce murya mafi kyau, shi kuwa ya ga abin da za a kai wa Inna ba a zaɓar na ƙasa.

Iliasu ya ce, “To ai ita ce matsalar. Katin randa ne, amma rikodar da moɗa take ɗiba. Komai girman randar, in moɗa ta cika ta cika. Sababbi sukan ɗauki wata moɗar su ci gaba, taka tsohuwa ce, tsayawa take. Wannan saitin da ka zaɓa na masu waƙa ne a situdiyo, nan da nan yake cika ta. A sauke shi ƙasa, sai ka wuni kana magana ba ta tsaya ba. Kuma saƙon zai yi sauƙin da za a tura wa ƙanwarka ta waya yau-yau.”

Muttaka ya ce, “Muryar ba za ta lalace ba?”

Na ce, “Rediyon Inna lasifika ɗaya gare ta kamar murfin kwalba! Yalla, Iliasu, maza sauke masa.”

Iliasu ya sauke, ya goge katin a cikin rikodar kanta don su saba da juna, ya ce a haɗa ta da abin cajin tafi-da-gidanka kada batir ya ci amana. A hanya na ba shi shawarar ya fara da maganar auren, in ya so gaisuwa ta biyo baya. Ya ce shi ba a yi masa irin wannan tarbiyyar ba.

Ranar da ya sake ɗauka an riga an fara gasar, ina ta jigilar 'yan kallo zuwa filin wasa, na nemi hutun rabin yini. Ya yarda in zauna a ɗakin bisa sharaɗi: in toshe kunnena da abin sauraro, in zuba wa fitilar ido, tunda shi ba zai ɗaga kai ba. Haka na zauna a gefen gado, ana ta ihun ƙwallo a kunnena, ina kallon ɗigon ja guda ɗaya. Na ga ya wuce baffanni, na gane daga yadda yake lissafi da yatsu. Na ga ya ja numfashin nan. Fitila ba ta mutu ba. Na ga bakinsa na motsi, hawaye na sauka a kan tayil, ya daɗe yana magana. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma ni ma sai da na share ido.

Muka tura wa Safiya da la'asar, ta sa a juya wa Inna a kati kamar kullum. Kwanaki suka wuce ba labari. Ajaratu ta fara sayen tsaraba. Muttaka ya koma ba ya ko taɓa shayi.

Ana gab da wasan ƙarshe, da hantsi, na tsaya da bas a ƙofarsu, sai ga shi ya fito daga ɗakin gadi da waya a hannu, yana tafe da sauri, abin da ban taɓa gani ba. Safiya ce ta turo saƙon murya. Ta ce Inna ta kira ta ɗaki, ta juya fuska ga bango, ta ce ta kunna wayar ta ɗauki maganarta. Ya kasa sauraron sauran shi kaɗai. Muka shiga bas na rufe ƙofa.

Muryar tsohuwa ce, siririya, a hankali take fita.

“Safiya, ki gaya wa na Doha na ji. Tun bara nake jin yana jan numfashi zai faɗi wani abu, sai abin ya ɗauke. Na kai rediyon nan wajen mai gyara har ya gaji da ni. Da na ga ba daga ita ba ne, sai na ce ciwon nan da ake faɗa ne ya kama shi, yake so ya gaya mini yana fasawa. Ban iya tambaya ba. Tun daga lokacin nake masa azumin Litinin da Alhamis.” Ana jin kukan akuya daga nesa. “Ashe mata ce. To alhamdu lillahi. Ki ce ya yi aurensa, Allah ya sa albarka. Yarinyar kuma a gaishe ta, a ce na gode da ta ciyar mini da shi.”

Muttaka ya kifa kansa a kan kujerar gaba, kafaɗunsa na girgiza. Na bar shi ya yi mai isarsa. Da ya ɗago, abin da ya fara tambayata shi ne yau wace rana ce. Na ce Laraba.

Ya ce, “Bari in kira Safiya tukuna, kada Inna ta tashi da azumi gobe.”