Malam Na'ibi Mai Tutar Togo

Haihuwa da Asali

An haifi Malam Na'ibi ɗan Haladu a shekarar 1919, wadda ta yi daidai da 1337 bayan Hijira, a zangon Hausawa na garin Sansanin Mango da ke arewacin Togo. Mahaifinsa Haladu bafatake ne mai safarar goro, wanda kakanninsa suka fito daga ƙasar Katsina, mahaifiyarsa kuma Aishatu haifaffiyar zangon ce. A shekarar haihuwarsa ne Ingilishi da Faransa suka raba ƙasar da suka ƙwace daga hannun Jamus. Mango ta faɗa ɓangaren Faransa, Yendi kuwa, inda baffanninsa suke, ta faɗa ɓangaren Ingilishi.

Domin amfanin waɗanda aka haifa a Jidda, yana da kyau a bayyana cewa Togo ƙasa ce siririya, doguwa, wadda ta tashi daga bakin teku ta miƙe har ƙasar Mosi. Gwanja, wato Ghana ta yau, tana yamma da ita, Dahome tana gabas, Nijeriya kuma tana bayan Dahome. Arzikin Togo a wancan zamani koko ne, da kofi, da auduga, da cinikin atamfa.

Karatu da Sana'a

Ya yi karatun Alƙur'ani a wurin Malam Salihu, limamin zango, ya sauke a 1933, sannan ya karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya. A 1936 ya gangara birnin Lome, inda ya koyi ɗinki a kusa da babbar kasuwar tufafi, ya shekara goma yana yi wa matan kasuwa aiki, har ya zamana da hannu kawai yana rarrabe atamfar kirki da ta bogi.

Hanyar Hajji da Aure

A 1946 ya kama hanyar Makka ta ƙasa, ya bi ta Kano da Yerwa da Fashir, yana ɗinki a duk inda guzuri ya ƙare. A Wad Madani ta ƙasar Sudan ya auri Mastura 'yar Malam Bawa a 1949. Suka haye Bahar Maliya daga Sawakin a 1952, suka sauke farali, suka zauna a unguwar Nuzla da ke kudancin Jidda. Wani ɗan kasuwar yadi ya zama kafilinsa, wato mai tsaya masa a wurin hukuma, ya samu iƙama, takardar izinin zama, ya kafa keken ɗinkinsa a wata 'yar rumfa.

A Jidda kowane baƙar fata daga yamma Takari ne, idan an matsa tambaya kuma sai a ce ɗan Nijeriya ko ɗan Gwanja. Shi kuwa bai taɓa amsa ko ɗaya ba. Maƙwabcinsa Bello mai aski ya kan tsokane shi da cewa, “Na'ibi, ƙasar nan taku, idan akuya ta kwanta a ciki ai kanta yana Gwanja, wutsiya tana Dahome.” Shi kuma ya amsa yana dariya, “Ya Bello, ƙaramin goro ya fi babban dutse. Yalla, maza yi askinka.”

Ɓatan Inna Rahamatu

A wancan lokaci jagoran kowane ayarin alhazai ya kan ɗaga ƙyalle ko tuta a kan doguwar gora, jama'arsa su bi ta a cikin cunkoso. Alhazan Togo kaɗan ne, ba su da abin ɗagawa, sai a jingina su ga ayarin manyan maƙwabta. A hajjin 1958 wata dattijuwa daga Mango mai suna Rahamatu ta bi wata tuta da ba tata ba, ta ɓace wa abokan tafiyarta a masaukin alhazai na Jidda. Suka nema har suka fid da rai, suka koma gida da takardunta, suka ba da labarin ta rasu.

Malam Na'ibi ya tsince ta a bakin titi tana tambayar kowa hanyar Mango, ya kai ta gidansa. Saƙon baki da ya aika ta hannun alhazan Gwanja bai taɓa tsallake iyaka ba. Ta zauna tare da su shekara biyu, yara suna kiranta Inna, ba ta da magana sai ta ɗanta Usuman. Tun daga nan ya ƙudurta a ransa cewa sai ya mayar da ita hannun danginta tana da rai, kuma ba zai bari wani ɗan Togo ya sake ɓata a Jidda don rashin abin bi ba.

Tuta ta Farko

Ranar 27 ga Afrilu 1960, daf da kamawar aikin hajji, Togo ta samu mulkin kai. Malam Na'ibi ya ji labarin a rediyo, ya fito daga rumfa da almakashi a hannu yana ta kabbara, ya raba shayi ga duk layin masu sana'a, har Bello sai da ya sha kofi biyu. Ga ƙasa ta samu tuta, ga alhazai suna tafe! Sai dai rediyo ba ya nuna launi. Wani ma'aikacin jirgin ruwa mai suna Yahya ya ce shi dai ya ji ana cewa akwai kore, da rawaya, da ja, da tauraro.

Da yake tutocin maƙwabta da ya saba gani layi uku ne, sai ya ɗauka ita ma haka take. Ya jera kore a sama, rawaya a tsakiya, ja a ƙasa, ya ɗora farin tauraro a kan rawayan, ya ɗaura ta a gora ya tsaya a ƙofar masaukin alhazai. Nan da nan jama'a suka yi masa caa, murna ta cika shi, ya juya ya yi gaba zuwa Nuzla suna biye da shi da akwatuna da butoci. Sai da aka cika tsakar gida da lungu, aka ci aka sha, sannan wani dattijo daga Kumasi ya ja hannun rigarsa ya ce, “Malam, mun gode da karamci, amma ka kifar da tutarmu.” Ashe alhazan Ghana ne, waɗanda tutarsu take da launuka ukun nan da tauraro. Mastura, wadda ta sauke tukunya bayan tukunya, ta leƙo daga madafi ta ce, “Malam, ka ce mini ƙaramar ƙasa, ka kawo mini kasuwa!” 'Yan Togo na haƙiƙa kuwa, da suka san tutarsu, sun gan shi sun wuce.

Tuta ta Biyu

Cikin baƙin akwai Hajiya Barakatu, 'yar kasuwar atamfa daga Lome, wadda aka jingina ta ga ayarin Ghana kamar yadda aka saba. Bayan ta yi dariya har da hawaye, ta kwance ƙunshinta ta fito da zanen bikin 'yancin kai da aka buga musamman, ta shimfiɗa a tabarma. Ga tutar nan a jikinsa: layi biyar, kore uku da rawaya biyu, da jan gida a kusurwar sama, farin tauraro a cikinsa. Ta kuma ce ta ji labarin wani mutumin Mango mai suna Usuman da ya riga su sauka, yana tambayar inda aka binne mahaifiyarsa, amma ya riga ya wuce Makka.

Dama ɗaya ce ta rage, wato lokacin da alhazai za su dawo Jidda jiran jirgi. Malam Na'ibi ya ajiye ɗinkin jama'a, ya yanka sabon yadi, yana duban zanen yana aunawa, Inna Rahamatu tana zura masa zare da addu'a. Bayan saukowa daga Mina ya koma ƙofar masauki da sabuwar tuta a kan gora mafi tsawo da ya samu, yana tsayawa cikin zafin rana daga safe zuwa la'asar. Wannan karon 'yan Togo suka taho, ɗaya bayan ɗaya, daga Lome da Sokode da Atakpame, wasu suna guɗa, wasu suna shafa yadin. A ƙarshe wani dogon mutum ya matso ya yi sallama, ya tambaya ko mai tuta ya san maƙabartar da ake kai 'yan Togo. Malam Na'ibi ya tambayi sunansa da garinsu, sannan ya ce, “Alhaji, ba maƙabarta za mu ba. Halas, shi ke nan, biyo ni gida.”

Waɗanda suka halarta sun ce Usuman ya durƙusa a bakin ƙofa da ya ga mahaifiyarsa. Inna Rahamatu ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, “Kai Usuman, ka rame! Matar nan taka ba ta ba ka abinci ne?” An yi kwanaki ana walima a Nuzla. Bayan an daidaita takardunta ta koma Mango tare da ɗanta, ta rayu shekara tara a cikin jikokinta.

Shekarun Baya

Daga 1960 har ƙarshen rayuwarsa bai fasa tsayawa da tuta a kowane hajji ba, ba tare da albashi ko muƙami ba. Daga bakin alhazai ya riƙa bin labarin ƙasarsa: fara fitar da fosfat, wato dutsen da ake takin zamani da shi, a 1961, juyin mulkin 1963 da na 1967, waɗanda suka sa shi baƙin ciki, rufe iyaka da buɗe ta, buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lome a 1968, da korar baƙi daga Ghana a 1969, wadda ta mayar da danginsa da yawa Mango. Da farashin fosfat ya tashi a 1974, alhazan Togo suka ƙaru, Bello mai aski ya ce, “Lallai akuyar nan ta haihu.” Sau da dama ya yi niyyar ziyartar gida, amma ya kan ce idan ya tafi, wa zai riƙe gora?

Rasuwa

Malam Na'ibi ya rasu a gidansa na Nuzla a watan Zulƙida 1398, wato Oktoban 1978, bayan gajeruwar rashin lafiya, yana da shekara hamsin da tara. An yi masa salla a masallacin unguwa bayan asuba, aka binne shi a maƙabartar kudancin Jidda. Ya bar matarsa Mastura da 'ya'ya biyar: Abdulghaffar, Haladu, Aishatu, Rahamatu da Abdulghani, da jikoki da dama.

Ranar jana'izarsa ce ayarin farko na alhazan Togo na wannan shekara ya sauka. Bisa wasiyyarsa, babban ɗansa Abdulghaffar, wanda aka haifa a Jidda, bai kuma taɓa taka ƙasar Togo ba, bai koma gida karɓar gaisuwa ba. Daga maƙabarta ya ɗauki gora ya wuce filin jirgi, ko ƙasar kabari bai wanke daga hannunsa ba, kuma babu alhaji ko ɗaya da ya ɓata. Tuta ta farko, mai layi uku, Mastura ta lulluɓe keken ɗinkin da ita, tana nan har yau.

Allah Ya gafarta wa Malam Na'ibi, Ya haskaka makwancinsa, Ya tashe shi a cikin ayarin da ba a ɓata.